Kuɗin ƙona gawa da zaman makoki a haikalin Buda a Tailan: yadda baƙo zai bi abin

Jama'a assalamu alaikum. Na san wani zai ga kanun nan ya ce a'uzu billahi, me ya haɗa mu da ƙona gawa, toh nima haka nake cewa kafin abin ya iske ni har ƙofar ɗaki. Idan kana zaune a Tailan, ko kasuwa ce ta kawo ka unguwar Pratunam ta Bankok ko karatu ko koyarwa ko aure, wata rana sai ka tsinci kanka tsundum a cikin wannan hidimar, saboda sama da kashi 90 cikin 100 na mutanen ƙasar nan mabiya Buda ne kuma ƙonawa ita ce hanyar da suke sallamar mamacinsu, kuma kusan duk injin ƙona gawa da ke ƙasar a cikin harabar haikali yake, wanda suke kira wat. Surukinka ne zai rasu, ko abokin aikinka baƙo irinka wanda ba musulmi ba kuma ba shi da kowa a kusa sai kai, ko maigidan da ya ba ka haya. Ni wani abokin aiki ne, baƙo ne daga wata ƙasa, shekara da shekaru yana zaune shi kaɗai, da ya rasu lambata aka samu a wayarsa, kuma 'yan'uwansa suka turo cewa shi da bakinsa ya ce a ƙona shi a nan. Wallahi kwana biyun farko ban san gabas ba ban san yamma ba, kuɗi suna ta fita ban ma san na mene ne ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda ake bi.

Tun da wuri in faɗa, mu musulmi ba a ƙona mu, addini bai yarda ba, kuma zan zo kan wannan can ƙasa don shi ne ya fi damuna. Abin da na yi wa wancan bawan Allah shi ne takardu da lissafi da zirga-zirga, ibadarsu kuwa na bar musu abinsu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da iyakar inda zai tsaya ba ya tambayi malaminsa.

Kafin ka yi maganar haikali da kowa, takardu ne farko, don babu wat ɗin da zai kunna wuta ba tare da takardar shaidar mutuwa ba. Idan a asibiti mutum ya cika kuma likita ya san ciwon da ya kashe shi, asibitin zai ba da takardarsa, sai a kai ta ofishin gunduma, a Bankok ana ce masa khet, a sauran larduna amphoe, su kuma su fitar da ainihin satifiket ɗin da ake kira moranabat. Doka ta ce a kai rahoton mutuwa cikin awa 24, kar ka yi wasa da wannan. Idan kuwa a gida ko otal ko kan titi ya rasu toh kar ka taɓa komai kar ka ɗaga shi, kira 191 na 'yan sanda ko 1155 na 'yan sandan baƙi masu jin Turanci, 1669 kuma na motar asibiti ne idan da sauran numfashi. A irin wannan sai an kai gawa an yi bincike, a Bankok galibi sashen binciken gawa na babban asibitin 'yan sanda ake kaiwa, kuma wannan na iya cin kwanaki.

Abin da ya bambanta baƙo da ɗan ƙasa shi ne wasiƙar embasi. Asibiti ko 'yan sanda ba sa sakin gawar baƙo haka kawai, sai ofishin jakadancin ƙasarsa ya rubuto cewa wane ne aka yarda ya karɓa, su kuma embasi sai sun ji daga magada na kusa, mata ko ɗa ko iyaye. Don haka da zarar abu ya faru ka nemi dangi su turo da wasiƙar wakilci da kwafin fasfo ɗinsu, kai ma ka riƙe naka da na mamacin. Najeriya tana da ofishin jakadanci a Bankok, wanda ƙasarsa ba ta da ofis a nan sai ya nemi wanda ke kula da Tailan daga wata ƙasa. Kuma kar ka sa rai embasi za ta biya ko sisi, takarda suke bayarwa ba kuɗi ba. Duk ranar da aka ƙara ana jiran wasiƙar nan kuɗin mutuware yana hawa, kullum ake lissafa shi, idan asibitin kuɗi ne kuma ga bil ɗin jinya da za su so a sallame su kafin a fita da gawa. Idan mutuwa ta faɗo ranar Juma'a da dare toh wasiƙar embasi sai ka yi haƙuri har Litinin.

Wani ƙaramin abu da ke ruɗa mutane, shekarar da za ka gani a takardun ba irin tamu ba ce, lissafin Buda suke bi wanda ya ɗara na miladiyya da 543, wato 2025 ita ce 2568. Ba kuskure ba ne. Amma sunan mamaci fa ka tsaya ka duba shi harafi bayan harafi da lambar fasfo tun kana gaban tebur, domin da rubutun Tai za su rubuta, idan suka karkace harafi ɗaya sai ka dawo gyara daga baya lokacin da banki ko inshora suka ƙi karɓa. Ka yi kwafi da yawa. Wadda za a yi amfani da ita a waje sai an fassara ta an kai sashen kula da harkokin ƙaramin jakadanci na ma'aikatar harkokin waje da ke titin Chaeng Watthana an buga hatimi.

Toh sai zaɓi na farko da ya shafi aljihu: ka ɗauki kamfanin da ke hidimar gawar baƙi ya yi komai, ko ka bi da kanka tare da wani ɗan ƙasa da ka yarda da shi. Kamfani ya fi tsada babu tantama, amma sun san ƙofar kowane ofis, suna jin Turanci, su za su ɗauko gawa su yi fassara su kawo maka toka a hannu. Idan mamacin ba shi da iyali a nan kuma kai ba ka jin yaren, gaskiya ni kamfani zan ce ka nema, sai dai ka tambayi biyu ko uku kuma kowa ya rubuto maka farashinsa dalla-dalla. Idan kuwa akwai mata 'yar Tailan ko surukai toh su sun san wat ɗin unguwarsu da shugaban malaman wurin, farashin da za a faɗa musu daban yake da wanda za a faɗa wa baƙon da ya shigo da ejan.

Yanzu ga inda kuɗin ke tafiya. Mutane suna zaton ƙonawar ce mai tsada, ina, ita wutar kanta 'yan dubbai ne na bat (kuɗin ƙasar kenan), kuɗin man dizal ko lantarki da ladan mai kula da injin. Abin da ke cinye kuɗi shi ne kwanakin da gawa za ta yi a zauren haikali kafin a ƙona. Al'adarsu ita ce kowane dare malamai huɗu masu rawayar riga su zo su yi karatun da ake kira Aphitham, a yi dare 1 ko 3 ko 5 ko 7, ba sa son adadin da ya rabu biyu daidai. Kowane dare akwai kuɗin hayar zaure, wanda ake kira sala, mai fanka daban mai esi daban, akwai wuta da ruwa da masu shara, akwai abincin baƙi, akwai ambulan na kowane malami da ɗan kayan sadaka da ake miƙa masa. Kenan duk abin da aka ce maka na dare ɗaya ne sai ka ninka shi da yawan darare, ka ga wanda ya zaɓi 7 ya ninka na mai dare ɗaya sau bakwai a wannan ɓangaren. A ce kowane ambulan ka sa bat 500, malamai 4, dare 3, ka ga 6,000 ta tafi a ambulan kaɗai ba a zo maganar shinkafa ba.

Idan kana son ƙiyasi na sama-sama don ka san inda za ka dosa, ƙonawa mai sauƙi a haikalin unguwa, kwana ɗaya ko ma ba kwana, da akwati mara ado da ɗan karatu, galibi ana gamawa a cikin 'yan dubban gomomi, kamar daga bat 20,000 zuwa 50,000. Dare 3 da baƙi daidai gwargwado yana iya kai ka kusa da 100,000. Manyan haikalan Bankok irin su Wat That Thong da ke Ekkamai ko Wat Thepsirin, inda masu hali ke yin nasu, dare 7 da zaure mai esi da furanni jibgi, wannan maganar dubban ɗaruruwa ake yi. Dala ɗaya tana kai bat 30 da 'yan kai, sai ka buga lissafinka da canjin ranar. Wuraren da baƙi suka yi yawa irin Pataya da Fuket da Ciyang Mai haikalansu sun saba da gawar baƙo, aikin ya fi tafiya da sauri amma farashin ma ya san da hakan.

Akwati kuma kar ka bari a ja ka. Ana samunsa daga 'yan dubbai har zuwa dubban gomomi, masu zanen ruwan gwal da sassaƙa, alhali wuta za a sa masa. Da yawa abin da suke yi shi ne na ciki mai araha ne, shi ake ƙonawa, na waje mai ado kuma haya ne ana cire shi. Idan za a kwana da gawa dole a yi ɗaya cikin biyu saboda zafin ƙasar, ko a yi mata allurar hana ruɓewa ko a yi hayar akwati mai sanyi kamar firij wanda ake biya kullum. Sai motar ɗauko gawa daga asibiti, ita ma da nisa ake yanke mata kuɗi, kuma galibi ana ɗaukar malami ɗaya ya zauna a gaba ya jagoranci tafiyar, shi ma da nasa ambulan. Sai hoton mamaci babba a firam, sai furen da ake kewaye akwati da shi, wannan furen wallahi yana iya fin akwatin tsada idan ka ce wa mai shago ya yi yadda ya ga dama.

Ranar ƙonawa tana da nata ƙananan abubuwa da ke taruwa su zama babba. Ana ciyar da malamai kafin tsakar rana saboda ba sa cin abinci bayan rana ta take tsaka. Akwai rawayar riga da ake ɗorawa a kan akwati malamai su ɗauka, ana ce mata bangsukun, za ka iya saye za ka iya karɓar ta haikali ka ba da wani abu kaɗan, ka tambaya don ta haikalin ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai ɗan furen itace da ake kira dok mai chan wanda kowane baƙo yake ajiyewa a gaban akwati, da yawan mutane ake saye. Akwai 'yar kyautar tunawa da ake raba wa waɗanda suka zo, ɗan littafi ko man shaƙa ko alewa. Sai mai haɗa gawa da kula da wuta, sapparoe suke ce masa, shi da yaransa, ladansu daban yake kuma hannu da hannu ake ba su. Idan mamacin yana da na'urar bugun zuciya a ƙirji ka faɗa tun a asibiti a cire ta, batirinta yana fashewa a wuta. Sannan ka sani wurare da yawa ba sa ƙonawa ranar Juma'a saboda sunan ranar a yarensu ya yi kama da kalmar farin ciki, don haka idan lissafinka ya faɗa Juma'a an ƙara maka dare ɗaya kenan da duk kuɗinsa, ka ƙirga kwanakin tun ranar farko.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne maganar sadaka. Za ka tambayi nawa ne a ce maka gwargwadon imaninka, ba ciniki ake ba, lada ake nema. Kai kuma baƙo ba ka san gwargwadon ba, tsoro kake kar ka ba da kaɗan ka ci fuska, kar ka ba da da yawa ka ƙare. Maganinsa shi ne kar ka tambayi malami, ba huruminsa ba ne kuma bai dace ba. Kowane haikali yana da ofis da mutanen gari masu riƙe da lissafi da tsara hidima, su za ka samu, ka tafi da ɗan ƙasa, ka ce a rubuta maka abin da yake dole da abin da yake ganin dama. Manyan haikalan birni da yawa ma suna da takardar farashi a buge. Na ganin dama kuwa ka tambayi maƙwabta nawa iyalin da suka yi na ƙarshe suka sa a ambulan, ka bi sahunsu shikenan. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit, ba don rashin yarda ba, don magada da kotu da inshora za su tambaye ka, ni na ajiye littafi ina rubuta ko kuɗin ƙanƙara ne, kuma shi ya wanke ni lokacin da dangin suka nemi bayani. Mata kuma ku kula, mace ba ta miƙa wa malamin Buda abu hannu da hannu, a kan ƙyalle ko faranti ake ajiyewa. Kaya baƙaƙe ko farare ake sawa.

A ƙauye labarin ya sha bamban, musamman arewa maso gabas da ake kira Isan inda baƙi da yawa suka yi aure. Can haikali kusan ba ya cin komai, sau da yawa ma a gida gawa take kwana, amma gari kaf zai zo kuma kai za ka ciyar, a kafa rumfuna a yi hayar kujeru da lasifika, a yanka saniya ko alade, ga lemo ga giya, dare da rana har a gama. Idan kai ne surukin nan baƙo toh ido yana kanka, kowa ya ɗauka kana da shi. Shawarata ka zauna da matarka da babban gidan tun daren farko ka faɗi adadin da za ka iya a fili, ka miƙa shi dunƙule ga mutum ɗaya mai riƙe lissafi, ya fi a riƙa zuwa maka kaɗan-kaɗan kullum ba ka san ƙarshensa ba. Su ma ba mugunta ba ce, a wajensu girman taro shi ne girman mamaci, kamar yadda mu ma ake kallon yawan sahun da ya tsaya a jana'iza. Kuma ka sa a ranka ba a gama ba, akwai sadakar da ake yi bayan kwana 100, wasu ma da ta 7 da ta 50.

Toh ina kuɗin zai fito. Nan ne mutane ke faɗawa rami, suna cewa ai mamacin yana da kuɗi a banki. Da zarar banki ya san mutum ya rasu sai ya rufe asusun, ba mai taɓawa sai kotu ta naɗa mai kula da gado, kuma wannan watanni yake ɗauka. Kar ka yarda ka ɗauki katinsa ka je inji ko da ka san lambar sirrin, ko da niyyarka mai kyau ce, laifi ne kuma kai baƙo ne, kamara tana kallonka. Kenan wani ne zai fara biya daga aljihunsa sannan ya nema daga gado, shi ya sa na nace kan rasit.

Amma akwai wuraren da taimako ke fitowa. Idan mamacin ma'aikaci ne mai takardar izinin aiki kuma ana cire masa kuɗin asusun walwalar ma'aikata na gwamnati, akwai kuɗin jana'iza bat 50,000 da ake ba wanda ya ɗauki nauyin hidimar, baƙo ma yana ciki, sharaɗin shi ne an biya masa aƙalla wata 1 cikin watanni 6 kafin rasuwar. Mutane da yawa ba su san wannan ba sai su bar shi. Ka tambayi wurin aikinsa, ka tambaya kuma ko akwai inshorar rai ko ta tafiya ko ta haɗari da ke manne da katin banki. A ƙauyuka akwai ƙungiyoyin gudummawar mutuwa, kamar adashe, duk wanda ya rasu sauran membobi su zuba, idan surukanka suna ciki wannan yana ɗauke kaso mai yawa. Sannan duk wanda ya zo gaisuwa da ambulan yake zuwa, a sa mutum ɗaya ya zauna bakin ƙofa yana karɓa yana rubutawa. Akwai kuma wata al'adarsu da ta burge ni, kowane dare ana iya samun mai ɗaukar nauyinsa, yau kamfanin da mamaci ya yi wa aiki, gobe abokansa, jibi maƙwabta, ana ce musu chao phap, kuma ba abin kunya ba ne ka nema, girmamawa ce ma a wajen wanda aka ba.

Idan kuwa babu ko kwabo, ba a barin gawa a ƙasa. Gidauniyar Poh Teck Tung da ta Ruamkatanyu su ne ke kwasar gawarwaki a Bankok kuma suna ba da akwati ga marasa hali da waɗanda ba a san danginsu ba, a Wat Hua Lamphong dare da rana za ka ga mutane suna ba da sadakar kuɗin akwati don wannan aikin. Wat Rat Prakhong Tham da ke Nonthaburi an san shi da yin hidimar gawa kyauta, lokacin korona a 2021 sunansa ya fito sosai. Ka je ofishin haikali ka faɗi gaskiyar halin da ake ciki, sau da yawa za su rage ko su yafe. Kuma idan mamacin ba mabiyin Buda ba ne, Kirista ne ko ba ya bin komai, haikalai da yawa suna yarda a yi ƙonawa kawai ba karatu ba kwana, ka faɗa musu tun farko, wannan shi ne mafi araha duka.

Washegarin ƙonawa da sassafe ake zuwa kwasar ƙashi da toka. Kar ka yi zaton garin toka mai laushi za a ba ka, gutsattsarin ƙashi ne a farin ƙyalle, idan dangi na son a niƙa sai ka faɗa. Daga nan ko a ajiye a wani ɗan gurbi a bangon haikali a biya, ko a yi hayar jirgin ruwa a zuba a teku, wanda suke kira loi angkhan, mutanen Bankok suna zuwa bakin kogi a Pak Nam ta Samut Prakan, na Pataya kuma Sattahip, wannan 'yan dubbai ne. Idan gida za a kai tokar toh kar ka bar haikali sai da takardar shaidar ƙonawa, ka haɗa da satifiket da fassararsa, ka tambayi kamfanin jirgi da embasi abin da suke so kafin ka sayi tikiti, mazubin kuma ya zama wanda na'urar filin jirgi za ta iya gani ta cikinsa, ba ƙarfe mai kauri ba. Kai gawa ɗungurungum kuwa wani babi ne, sai an yi mata allura, an sa ta akwati mai rufin ƙarfe a ciki an like, a biya kago da nauyi daga filin jirgin Suvarnabhumi na Bankok, cikin sauƙi yake haura bat 100,000 kuma zuwa Afirka ta Yamma sai an sauya jirgi a hanya, misali ta Adis Ababa. Wannan tsadar ce ta sa iyalan baƙi da yawa suke zaɓar ƙonawa ko da ba al'adarsu ba ce.

Nan ne na ce zan dawo kanmu. Ɗan'uwa idan kai musulmi ne kana zaune a ƙasar nan, musamman idan matarka ko surukanka ko abokan zamanka mabiya Buda ne, ka sani ranar da ka faɗi su abin da suka sani shi za su yi maka, da zuciya ɗaya, a ganinsu karramawa ce mafi girma su kai ka wat. Kuma gawar da ba wanda ya zo nema ƙarshenta ba a hannunka yake ba. Alhamdu lillahi akwai musulmi da yawa a Tailan, a kudu Pattani da Yala da Narathiwat da Satun su ne mafi rinjaye, a Bankok ma masallatai ba sa ƙirguwa da yatsa musamman wajen Min Buri da Nong Chok, ga tsofaffi irin masallacin Haroon a Bang Rak da Ton Son a Thonburi, kuma masallatai da yawa suna da maƙabartarsu da suke kira kubo. Sai dai kwamitin kowane masallaci ne ke da ikon cewa a binne ko a'a, wasu fili ya yi musu kaɗan, don haka ka zama sananne a masallacin unguwarku tun kana da rai, liman ya san fuskarka ya san sunanka, ka tambaye shi kai tsaye idan ta Allah ta kasance ina za a kai ka kuma me ake biya. Jana'izarmu ba ta da kwanakin zaure ba ta da fure, likkafani ne da mota da haƙa da ɗan abin da za a ba masallaci, abin da ke jawo jinkiri wasiƙar embasi ce kawai, shi ya sa ya kamata wani a nan ya riƙe lambar magajinka na gida. 'Yan'uwa Kiristoci masu son binnewa su ma su tambayi cocinsu tun yanzu, akwai tsohuwar maƙabartar Furotesta a titin Charoen Krung a Bankok da maƙabartar baƙi ta Ciyang Mai da aka kafa a 1898, amma samun gurbi sai da magana.

Ka rubuta wasiyya da Turanci da yaren Tai, dokar ƙasar tana karɓar wadda aka sa wa kwanan wata aka sa hannu gaban shaidu 2 a lokaci ɗaya, kuma kar shaidun su zama cikin waɗanda za su ci gado. Ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa kai musulmi ne, kar a ƙona ka, a binne ka bisa tsarin musulunci, ka ambaci wanda ka ɗora wa alhakin jana'izarka. Kwafi ɗaya wajen matarka, ɗaya wajen liman, ɗaya wajen wani ɗan'uwa cikin 'yan ƙasarku da ke nan, sannan ka sa ɗan kati a walat bayan fasfo ko lasisi mai ɗauke da wannan maganar da rubutun Tai da lambar waya biyu, don ɗan sanda ko ma'aikacin gidauniyar da ya fara isowa walat yake fara buɗewa. Ka ware wani abu a hannun wanda ka amince da shi ba a asusunka ba, ko bat 30,000 ne, wanda za a iya taɓawa a daren ba sai an jira kotu ba.